Kariyar ɗaukar kaya a mota: ta sama ko ta baya, wacce za ta jure hanyar fadama?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga daji da mota. Ina da Toyota 4Runner ƙirar 2012, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, mai kujeru layi uku. Garinmu yana can bayan Wurno. In ka sauka daga kwalta sai ka yi kusan awa guda kana fama da burji da rairayi, ga kwazazzabai biyu da ake tsallakawa kafin a kai fadamar da muke noman albasa. In ni kaɗai ne babu damuwa, sai in kwantar da kujerun baya in zuba komai. To amma da Sallah ko biki mu bakwai ne da yara, but ɗin ba ya ɗaukar abin kirki, ga jakunkuna, ga injin ban ruwa, ga jarkokin mai, wani lokaci har da taki buhu biyu.

Na je wurin masu kayan mota sun nuna min abu biyu. Akwai kariyar da ake ɗaurawa a saman rufi, wadda kowa ya sani. Akwai kuma wani kwando na ƙarfe da ake zurawa a ramin nan mai kusurwa huɗu da ke ƙarƙashin bamba, inda ake ɗaura tirela. Kuɗin ɗaya kawai gare ni. Wacce zan saya?

Yaron_Mabera:
Wa alaikumus salam. Oga sayar da ita ka sayi Hilux, magana ta ƙare.

Abu_Hanan:
Yaro man kaza. In na sayi Hilux, uwargida da yara biyar a bayan bodi zan zuba su tare da taki?

Direban_Illela:
Wa alaikumus salamu. Ɗana, shekara ashirin da bakwai ina jan mota tsakanin Sakkwato da Illela, kahin nan kuma na yi yaron mota hanyar Tangaza tun ba ta da kwalta. Abin da ni ka hwaɗa maka shi na, kariyab bisa ita ta ta daji. Dalili kuwa, duk abin da ka rataya ma mota a gindi, ƙasa na jiran shi. Ranad da kas shiga kwazazzabon ga naku, gaban mota na hawa, bayanta na sauka, sai ka ji ƙwaram, kwandon ya dafe ƙasa. In ka yi sa'a ya lanƙwashe, in ba ka yi ba tayun baya su rataye mota ta kahe, kai da turi. Mu bisa mu ka ɗaura kaya tun zamanin Landiroba, ba mu san wani kwando ba.

Injiniya_MB:
Baba Direba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta kwazazzabo gaskiya ce, ba mai musa ta. Amma ka bar rabin labarin. Abu Hanan, kafin ka kashe ko sisi, ɗauko littafin motar, in ba ta zo da shi ba ka nemo shi a intanet, ka duba nauyin da aka yarda a ɗora a rufi. Za ka sha mamaki. Yawancin jif-jif ɗin nan rufinsu bai wuce kilo 50 zuwa 100 ba in mota tana tafiya, kuma nauyin ita kanta kariyar yana cikin lissafin. Kariyar ƙarfe da ake haɗawa a gari tana iya cinye kilo 30 ko 40 ita kaɗai. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne. Ka ga tun ba ka ɗora injin ba ka gama da rufin.

Abin da ya fi rufi muhimmanci shi ne ita motar. 4Runner dama doguwa ce, a sama take. Duk kilon da ka ƙara mata a ka, kana ƙara mata saurin karkata. A kwalta za ka ji tana layi a kwana. A daji kuwa inda taya ɗaya ke kan tudu ɗaya a rami, nan ne ake ganin mota ta kwanta a gefenta a hankali kamar raƙumi.

Abu_Hanan:
Injiniya na duba yanzun nan. An rubuta fam 120, wato kilo 54. Wallahi ban taɓa sani ba. Bara da Sallah babba na ɗora shinkafa buhu biyu a kan ƙarafan da ta zo da su.

Yaron_Mabera:
Kilo 54? Ashe ko ni ba zan hau ba.

Direban_Illela:
Takardab Bature ke nan. Mu da munka ɗora ma J5 buhu goma na albasa bisa kai, wane littahi munka duba? Kuma ga mu da rai.

Injiniya_MB:
Baba, ku kuna da rai alhamdu lillahi. Waɗanda suka kife a hanyar Gwadabawa da lodi ya fi mota tsawo ba sa cikin zauren nan balle su ba da nasu labarin.

Direban_Illela:
To, wagga kam ka kama ni. Allah shi jiƙan musulmi. Amma dai maganag gindi na nan, ban janye ta ba.

Likitan_Shanu:
Bari in sa baki, don ni na yi amfani da duka biyun. Aikina shiga rugage ne, allurar shanu da awaki, daga Silame har Binji, wani lokaci Yabo da Shagari. Prado tsohuwa nake ja.

Na fara da kwandon baya saboda sauƙin lodi. Gaskiya a nan babu abin da ya kai shi. Kula mai cike da ƙanƙara da magani, ni da yaro ɗaya muke ɗaga ta mu aje, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Shan mai kuma ban ga ya ƙaru ba. Amma abubuwa uku suka raba ni da shi. Na farko ƙofa. Prado ƙofarta gefe take buɗewa, ga safaya a jikinta, in akwai kaya a kwandon to ka manta da but har sai ka sauke. Na biyu ƙura. Duk wanda ya bi burji da rani ya san gilashin baya ne ke fara toshewa, saboda iskar da mota ta keta tana juyowa ta tattara ƙurar a bayanta. To a daidai wurin nan kayanka suke zaune. Na taɓa kai buhun gari rugar wani Ardo, da aka buɗe sai da matarsa ta tambaye ni ko jar dawa aka niƙa. Na uku shi ne abin da Baba ya faɗa. Wata rana da damina a wani mashigi kusa da Gande, na shiga lafiya, wajen fita kwandon ya caki gaɓar. Tayoyin baya suna ta juyawa a banza, ogzilari, giyar jan tayoyi huɗu, bai yi min komai ba. Sai da muka sauke kaya cikin laka, muka cire fil ɗin, muka zare kwandon, sannan wasu bayin Allah masu shanun huɗa suka ja mu. Tun azahar har bayan la'asar.

Yanzu kariyar sama gare ni, ta alminiyam, amma ba na ɗora mata sai katifa, tabarma, tanti, jakar kaya, da shebur. Duk abu mai nauyi yana ciki, a ƙasa, jingine da bayan kujera.

Ummu_Sadiq:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri mace ta shigo maganar maza. Likita, ka ce katifa da jaka a sama, to wa zai hau ya ɗaure? Mu muna fita aikin lafiya ƙauyuka, mata huɗu da direba ɗaya, dattijo ne mai ciwon baya. Kullum sai mun nemi yaran gari su hau mana. Rannan wani yaro ya taka rufin ya lotsa shi. Ni a ganina wanda bai da ƙarfin hawa, ko mai yawan sauke kaya a hanya, na baya ya fi masa. Ƙura kuwa tamfol ne maganinta, a naɗe kayan ciki kamar ƙunshin goro, bakin ya kalli ƙasa, ba a rufa shi daga sama kawai ba.

Likitan_Shanu:
Hajiya ai zauren na kowa ne. Kuma kin yi gaskiya a kan naɗin tamfol, ni lulluɓawa kawai nake yi a lokacin, shi ya sa. Amma tamfol ba ya hana gaɓa cakar ƙarfe.

MaiWalda_Buzaye:
Ni na ka yin su, duka biyun, don haka ba ni da zaɓi, wanda kunka kawo shi ni ka yi. Amma Alhaji Abu Hanan ka ji wani abu da ba wanda ya hwaɗi. Salansa. Mafi yawan aikin gyaran da a ka kawo mini na kwandon baya, ba karyewa ta ba, ƙonewa ta. Hayaƙin salansa na bugun kaya kai tsaye tun daga Sakkwato har inda za ka. Na ga jakar Ghana-mas-go da ta narke ta manne da ƙarhe, na ga kula da ta hude, na ga tayar keken yaro da ta tsiyaye. Kai kuma ka ce jarkam mai za ka ɗauka. Don Allah kar ka aje fetur nan wurin. In dole sai ka yi kwandon, a sa mai faranti ta gehen salansa, ko a karkata bakin salansar ya kalli ƙasa.

Maganak kwazazzabo kuma akwai dabara. Ba a yin ƙarhen a miƙe. A na lanƙwasa shi ya hau bisa kamar wuyan raƙumi, kwandon ya tashi kamar taƙi ɗaya sama da ramin. Kuma kar a yi shi da zurhi zuwa baya, gara ya yi hwaɗi ta gehe. Wanda anka yi haka ba kowace gaɓa ka taɓa shi ba.

Abu_Hanan:
Maigida mai walda na gode. To in na ɗaga shi sama, ƙofar but fa? Tawa sama take buɗewa.

MaiWalda_Buzaye:
Nan kuma sai an auna. Kawo ta in gani, ba a yanke ƙarhe da waya.

DanKwatano:
Alhaji, ai kai motarka ta raba wannan gardamar da kanta. 4Runner gilashin ƙofar bayanta sauka yake yi da maɓalli kamar na gefe. Ko kwandon ya cika, ka sauke gilashi ka miƙa hannu ka ɗauko abin da kake so. Matsalar Likita da Prado ba taka ba ce.

Sannan ramin da ke bayanta inci 2 ne, daga kamfani ya zo, a jikin shasi yake, ba wani ne ya lika shi ba. Amurkawa sun ƙayyade masa kusan fam 500 na nauyin da zai danna shi ƙasa, wajen kilo 225 ke nan. Kwatanta da kilo 54 na rufi. Ni ban ga abin muhawara ba. Abin da zan ja kunnen sauran jama'a a kai shi ne, ba kowace mota ce haka ba. Wasu ƙananan motoci raminsu inci ɗaya da kwata ne, ba sa ɗaukar rabin wannan. Na Turai kuma, irin su Sharan da Golf da ake kawowa daga Beljiyam, ƙwallo ne mai milimita 50 a kan ƙugiya, babu ramin ma da za ka zura kwandon.

Injiniya_MB:
@DanKwatano kilo 225 ɗin nan ka yi masa bayani, kar Alhaji ya je ya ɗora taki buhu huɗu ya ce kai ka ce. An auna shi ne a kan ƙwallon tirela da ke dab da bamba, kuma a kan kwalta. Kwandon kuwa yana tura nauyin can baya, ya zama kamar ka riƙe bokitin ruwa ka miƙe hannu.

Ga lissafi mai sauƙi. Tsakanin tayar gaba da ta baya a motarsa kusan mita 2.8 ne. A ce tsakiyar kayan yana mita 1.4 a bayan tayar baya, rabin wancan ke nan. In ya ɗora kilo 150 har da nauyin kwandon, tayoyin baya ba 150 za su ji ba, 225 za su ji, gaba kuma a ɗage mata kilo 75. Tayoyin gaban nan su ne sitiyari, su ne kuma mafi yawan birki. Shi ya sa za ka ga mota da daddare fitilarta tana haska saman itatuwa tana kashe wa mutane ido. Yanzu ka ƙara da mutum bakwai, biyu daga ciki suna zaune a layi na uku, kan tayar baya. Sannan ka hau gargada, inda kowane rami yake ninka nauyin a lokacin da motar ta faɗa ta taso. Ni a hanyar daji ba zan wuce kilo 100 a kwandon ba, duk abin da aka rubuta a jikinsa.

Akwai kuma takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ta faɗi jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Kariya, ta sama ko ta baya, wuri take ƙara maka, ba ta ƙara wa sifirin da shokazoba ƙarfi.

DanKwatano:
Na karɓi gyara Injiniya. Amma ko 100 ɗin ai ya kusa ninka na rufi.

Abu_Hanan:
Wato dai an gudu ba a tsira ba. Sama kifewa, baya kafewa.

Sarkin_Gargada:
Ku duka kun manta da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, mai. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wa ke wasa da lita? Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da cewa babban akwati a saman mota yana iya rage nisan da mai ke kai ka da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari in ana gudun babbar hanya, na baya kuwa kashi 1 zuwa 5 ne kacal. Ni na gani a jikina. Ina zuwa Birnin Kebbi duk mako ta Tambuwal da Jega. Da na sa kariyar sama, ko babu kaya a kanta sai ta riƙa kuka kamar ana busa sarewa, allurar mai kuma tana sauka kamar ana zuƙe ta. Wata uku na kwance ta, tana nan a zaure kaji na kwana a kai.

Likitan_Shanu:
Sarki, wannan lissafin na mai gudu 110 ne. Iska sai da gudu take zama abokiyar gaba, in ka ninka gudu ƙarfinta sau huɗu yake ƙaruwa. Mu da muke tafiya 25 ko 30 cikin rairayi, ba iska ke shan mana mai ba, yashi ne. Shi Alhaji kwaltar da zai bi daga gari zuwa mahaɗar Wurno ba ta kai a yi mata kuka ba.

Sarkin_Gargada:
Amma ai ba kullum yake ƙauye ba. Sauran kwanakin wata yana yawo da ita a gari da hanyar Gusau, yana biyan kuɗin iska. Kwandon kuwa fil ɗaya ne, ka zare ka jingine shi a gareji.

Ummu_Sadiq:
Tunda an zo maganar mai, jarkokin nan a ina za a sa su ke nan? Mai walda ya ce ba a baya ba. A sama kuma rana. Zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke wuce 40, jarkar roba kumbura take yi kamar za ta fashe. A ciki kuma yara su shaƙa, mu an taɓa yi mana haka, kafin mu kai Kware kowa kansa na sarawa.

Direban_Illela:
Hajiya ta yi tambaya ta masu hankali. Jarkar ƙarhe a ka nema, irin ta soja mai lita 20, mai roba a murhi. Ba a cika ta har baki, a bar mata wurin numhwashi. A aza ta bisa, a tsaye, a luɓe da buhun algarara jiƙaƙƙe in rana ta yi. Kuma da ka samu wuri a tanki ka juye ta, kar ka yi ta yawo da ita cike. Ɗaya ko biyu, ba shidda ba.

Injiniya_MB:
A nan ni da Baba mun haɗu. Lita 20 ta fetur kusan kilo 15 ce, da jarkar ta kusa 20. Guda ɗaya a sama ba laifi, a tsakiyar rufi, ba can gefe ko can baya ba. Ruwa ne mugu, lita ɗaya kilo ɗaya, jarka mai 25 kilo 25 ce cif, kuma in ba ta cika ba yana kai da kawo a ciki yana jan motar. Ruwa ƙasa, kullum.

Wani abu kan gilashin bayan da DanKwatano ya yaba. A tsaye ake sauke shi. Kar a yi tafiya da shi a buɗe, don iskar nan da ke tara ƙura a baya ita ce za ta turo hayaƙin salansa cikin mota, kan yaran da ke layin ƙarshe.

Bagobiri_77:
Ni tawa gudummawar ba ta ƙarfe ba ce. Ku da kuke maganar jibga kaya a sama, ku tuna da halin da hanyoyinmu suke ciki. Mu mutanen gabas, Isa da Sabon Birni, mun daɗe da daina tafiya da abin da zai nuna mu daga nesa. Jif da kaya tsibi a kai, tun daga kilomita nawa ake hango ta? Kuma in ta kama ka juya da sauri a hanya mai tudu da gangare, nan ne nauyin sama zai ci amanarka. Ku fita da wuri, ku dawo da wuri, ku tambayi mutanen gari labarin hanya kafin ku shiga. Sannan wanda zai yi wajen iyaka da jarkoki a fili ya shirya amsa tambayoyi a kowane shinge, tun dokar 2019 da ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka ake sa ido a kan jarka.

Abu_Hanan:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Mu wajenmu ma sai da rana tsaka muke shiga yanzu.

Ummu_Sadiq:
Amin ya Allah.

Shugaban_Zaure:
Amin. Jama'a a yi hattara, kar kowa ya rubuta ranar tafiyarsa ko sunan ƙauyensu a nan, mutum fiye da ɗari huɗu ne a zauren. A koma kan kariya.

Malam_Arkilla:
Ni dogon bayani ba nawa ba ne. Ƙanena ya sa na baya a Highlander, kaya suka rufe lamba da fitilun birki. An tsayar da shi a hanya, kuma gaskiyar masu tsayarwar ce, don wanda ke binka a baya bai san ka taka birki ba. Sai da ya mayar da lambar jikin kwandon aka ja masa waya aka sa ƙananan fitilu. A sa wannan a cikin kuɗin. Kuma a go-sulo na kasuwar Kara, abin da ke kwandon baya hannun kowa yana kai wa.

Yaron_Mabera:
Na sama kuma reshen dogon yaro ne ke sacewa. Maƙwabcinmu ya ɗauko katifar amarya daga Sabuwar Kasuwa, ya manta tana kai, ya shiga get ɗin gida da ita. Katifa ta tsaya a waje, mota ta shige. Har yau Ango Mai Get ake ce masa.

MaiWalda_Buzaye:
Dariya ku ka yi amma aiki na a wurinmu, duk wata sai an kawo wadda get ko rumhwa ta tuɓe. A ƙauye kuma wayar wuta da anka ja ƙasa-ƙasa, da ƙayar bagaruwa da ka yage tamfol.

Alhaji, wani abu game da taka. Safayarka ƙarƙashin mota take, kuma ta baya a ka zura sandar da ka sauke ta. In taya ta hwashe cikin daji kwandon na cike, sai ka sauke kaya duka kahin ka kai gare ta. Ka gwada a gida tukuna. Kuma duk wanda ka saya, na waje ko namu, a sa mai maƙalin da ka matse shi cikin ramin, in ba haka ba gargada za ta sa ya yi ta kaɗawa har ya cinye ramin fil ɗin. Na bisa kuma notinai a ka bi da sifana bayan kowace tahiya, burji na kwance noti kamar da hannu.

DanKwatano:
Maigida, tsakani da Allah, naku na gida yana kai na waje? Na ga wanda walda ta ɓalle a Dange, kula da buhu suka watse a titi.

MaiWalda_Buzaye:
Wanda ya yi wannan ba mai walda ba na, mai ɗinki na. In mutum ya zo ya ce shi dai mai araha, a ka ɗauko bututun gado a yi mai. Araha ba ta ado. Ƙarhen da ka shiga ramin dole ya zan mai kauri, guda ɗaya tun daga rami har ƙarshen kwandon, ba haɗi a tsakiya. Na waje ma akwai na banza, na ga wanda anka rubuta ma fam 500, da ƙahwa ni lanƙwasa shi.

Likitan_Shanu:
Abu Hanan, ni tambayar da zan yi maka ita ce, dole ne taki da injin su tafi rana ɗaya da iyali? Ko ka sayi kariya biyun, mutum bakwai da taki kilo 100 da injin da mai, motar ta gaji tun a Achida. Ni da zan ba ka shawara, taki ka ba motar kasuwa ko ka kai shi ranar da kake kai kaɗai. Ranar iyali kuma abin da ya rage jakunkuna ne da tabarmi da katifa, masu cin wuri marasa nauyi, su kuwa sama ce wurinsu.

Ummu_Sadiq:
Likita ba ka san kayan mata ba ne. Jakar biki ɗaya ta fi buhun taki. Ga kulolin abinci, su kuma ba a kifa su a sama miya ta bi gilashi.

Abu_Hanan:
Hajiya kamar kina gidanmu. Likita, maganar raba tafiya ta shige ni, taki zai bi motar kasuwa. Amma injin dole ya bi ni, don in na bar shi can ba na samunsa yadda na bar shi. Shi kusan kilo 30 ne, ga ƙazantar baƙin mai, ba na son sa a ciki, kuma ba na jin zan iya ɗaga shi sama. Zuciyata ta fi karkata ga na baya mai wuyan raƙumin nan, jakunkuna marasa nauyi kuma in ɗaure su a kan ƙarafan rufin da ta zo da su, tunda kilo 54 ɗin ma wani abu ne. Abin da ke tsorata ni kwazazzabo na biyu, gaɓarsa a tsaye take, ko yanzu babu komai wani lokaci ƙarfen tirelar yana shafar ƙasa.

Direban_Illela:
Ka ji ko! Ramin da babu komi cikinai na taɓa ƙasa, kai kuma za ka ƙara mai kamu biyu a baya. Ɗana, na gaya maka tun sahe.

Sarkin_Gargada:
Baba ai ba a miƙe ake fita gaɓa ba, a karkace ake ɗaukarta, taya ɗaya bayan ɗaya. Kuma shebur na mene ne? Minti goma ka sassabe bakin.

Injiniya_MB:
A karkace ɗin kuma shi ne inda kayan sama ke kwantar da mota, Sarki. Kowace dabara da inda take cizo. Alhaji, ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ka aje motar a shimfiɗaɗɗen wuri marar tudu da gangare, ka samo dogon katako, ka sa bakinsa a ƙasa inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ɗaya bakin har ya taɓa ƙarfen tirelar. Wannan karkatar ita ce iyakar gaɓar da motarka ke fita. Duk kwandon da za a yi maka, ƙarshensa ya zauna sama da layin katakon nan. Ka yi gwajin da mutane a cikin motar, don in ta ɗauki kaya bayanta yana zama.

MaiWalda_Buzaye:
Katakon na nan shago. Akwai kuma wani kwando da mai shi bai zo ɗauka ba tun azumi, in shi ya yarda sai ka ara ka kai shi kwazazzabon babu kaya, ka ga abin da za ya hwaru. In ya karce kai ka biyan fenti.

Abu_Hanan:
Na yarda. Zan kira ka kafin in zo.

Likitan_Shanu:
Ka tafi da igiya mai ƙarfi da lambar mai shanun huɗa.

Hajiyar_Gawon_Nama:
Salamu alaikum, yanzu na ga zancen nan. Ni Sienna gare ni, babu ramin a bayanta ko kaɗan, kuma Argungu kawai nake zuwa, kwalta ce har ƙofar gida. Mai walda, ana iya sa mata, ko ita ma sai na duba littafi?

MaiWalda_Buzaye:
Hajiya Sienna cikinta ƙasa-ƙasa ya ke, ko tudun rage gudu na Gawon Nama sai ya gaishe da kwandon. Wace shekara ta?